Yadda zaka fara zama a Gwanzu ba tare da ka sha wahalar da muka sha ba

Salam 'yan uwa. Kusan duk sati sai wani ya turo min saƙo wai biza ta fito, zai shigo Chana, me zai fara yi. Amsa ɗaya nake ta maimaitawa har bakina ya gaji, shi yasa nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Ni a Gwanzu nake, garin da zaka ga an rubuta Guangzhou a tikitinka, dan haka abinda zan faɗa na nan ne, amma wanda zashi Yiwu ko Shenzhen ma yawanci zai masa amfani tunda dokar ƙasa ɗaya ce. Abinda nakeso ka riƙe tun yanzu shine komai a nan a sarƙe yake da juna, in baka da layin waya baka da WeChat, manhajarsu ta hira da biyan kuɗi, mai aiki sosai, in baka da takardar rajista ba banki ba ƙarin biza, to ka bi su a jere yadda na kawo su kar kace zaka tsallake ɗaya.

Na farko tun kana gida ake yinsa, kuma wayarka ce. WhatsApp, Facebook, Instagram, YouTube, Google da duk 'ya'yansa irinsu Gmail basa buɗewa da intanet ɗin Chana. Wanda yake buƙatarsu VPN yake sakawa, wato manhajar da take buɗe abinda aka toshe, kuma matsalar itace Play Store ɗin kanta ta Google ce, kaga in ka bari sai ka sauka ƙofar da zaka bi ka sauke ɗin ma a rufe take. Ka saka guda biyu tun a gida dan ɗaya yakan yi gardama. Sannan ka sauke WeChat da manhajar biyan kuɗi ta Alipay da taswirar Amap da manhajar fassara wacce take aiki ko ba data. Buɗe WeChat wani lokacin sai ya nemi wani mai tsohon akawun ya tabbatar da kai, ka nemi wanda zai maka tun kana Kano ko Maraɗi, kuma ka buɗe wa uwargida da Hajiya nasu, dan ranar da VPN ya ƙi ta nan kaɗai zasu ji muryarka. Awa 7 ne tsakaninmu da gida, mu muke gaba, lokacin da kake shirin kwanciya su ko la'asar basu daɗe da yi ba.

A jaka kuma, katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa ya zama yana cikin fasfo, da adireshin masaukinka a buge a takarda da rubutun Chana, ba da boko ba, dan direban tasi bazai iya karanta boko ba. Ka zo da adafta, soket ɗinsu ba irin namu mai ƙafa uku masu kusurwa bane. Garin kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa su nake cusawa a jakata, amma kilishi da dambun nama ka haƙura, an hana shigo da nama ko wane iri ne kuma kwastam zasu karɓe, na ga wani Alhaji kamar zai yi kuka akan kilishin da yayi tsaraba. Kuɗi a hannu in ya haura dala 5,000 sai ka bayyana. Maganin asibiti ka haɗa da takardar likita, irinsu tiramadol da kodin kuwa kar ma ka fara. Sai babbar magana, dan Allah dan Annabi kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci ne, in baka buɗe ka gani da idonka ba. A dokarsu giram 50 na mugun ƙwaya irin heroin ya isa a yanke wa mutum shekara 15 ko ɗaurin rai da rai ko kisa, kuma "wallahi bani aka yi in kai" bata fitar da kowa.

Na biyu, wanda yafi kowanne kuma shi mutanenmu suka fi wasa dashi, rajistar wurin kwana. Doka tace duk baƙo sai an san inda yake kwana cikin awa 24 da isowarsa. In otal ka sauka su zasu yi maka, shi yasa suke karɓar fasfo suyi sikanin a kanta, kai dai ka nemi su baka 'yar takardar shaida ka adana. Amma in gidan aboki ka sauka ko ka kama haya, to kai zaka tashi da ƙafarka kaje ofishin 'yan sandan unguwar, sunansa paichusuo, ana faɗinsa kamar "fai-cu-swo", a wasu unguwannin da baƙi suka yi yawa akwai ƙaramin ofis na musamman dan wannan aikin. Zaka tafi da fasfo da kwafinsa, shafin hoto da shafin biza da shafin da aka buga maka hatimin shigowa, da takardar haya, da kwafin katin shaidar mai gidan da takardar mallakar gidan, wani wajen har hoto ɗan ƙarami. Kyauta ne, kuma in takardu sun cika baya ɗaukar lokaci. Zasu baka farar takarda ɗaya, wannan takardar ka riƙe ta kamar yadda kake riƙe takardar fili, ka ɗauki hotonta a waya ka kuma yi kwafi biyu.

Ni abinda ya sameni a shekarata ta farko, nayi rajista lafiya lau, sai na fita Hong Kong na kwana biyu na dawo, a tunanina ai gidan dai shine ban canza ba. Wani dare wajen ƙarfe 10 ina cikin tuƙa tuwon semo, hannu duk gari, naji ana buga ƙofa, na buɗe naga 'yan sanda biyu da wata mata mai riƙe da fayil. Ba tsawa ba komai, sukace fasfo, na basu, sukace takarda, na miƙa da ƙarfin gwiwata, sai ɗayan ya nuna min hatimin sabuwar shigowa da yatsa ya nuna kwanan watan takardar ya girgiza kai. Washegari rabin yini nayi a ofishinsu ina rubuta bayani, Allah ya taimakeni gargaɗi kawai aka yi min, amma dokar ta basu dama suci tara har yuwan 2,000. Tun daga ranar na ɗauki ƙa'ida, sabon gida, sabuwar biza, sabon fasfo, ko na fita ƙasar na dawo, sai na koma na sabunta. Kuma fasfo ya zama yana jikinka in zaka fita, dan ana tare mutum a titi ko a bakin tasha a tambaya, musamman wajen unguwannin Xiaobei da Sanyuanli.

Na uku layi. Manyan kamfanoni uku ne, China Mobile, China Unicom da China Telecom. Kaje babban ofishinsu da fasfonka, ƙananan shagunan bakin titi yawanci na'urarsu katin ɗan ƙasa kawai take karantawa. Zasu ɗauki hotonka ka zaɓi tsarin wata wata. Kar ka sayi layin da aka yiwa rajista da sunan wani dan yafi sauƙi, lambar nan ita zaka ɗaura wa banki da Alipay da tasi da masu kawo kaya, ranar da ta samu matsala mai sunan kaɗai zai iya gyarawa kuma baka san inda yake ba.

Na huɗu kuɗi. Kuɗinsu yuwan, amma a baki "kwai" suke cewa, in kaji ance shi kwai to yuwan 10 ake nufi, ba ƙwan kaza ba. Takardar kuɗi tana nan kuma doka bata yarda a ƙi karɓa ba, sai dai zaka miƙa wa mai shago 100 ya tsaya yana kallonka dan bashi da canji, kowa da waya yake biya har mai gasa dankali a bakin gada. Biyan iri biyu ne, ko kai kayi sikanin lambar da aka manna a bango ka rubuta adadin, ko ka buɗe taka lambar mai shago ya haska. Tun 2023 ana iya ɗaura katin waje na Visa ko Mastercard a Alipay da WeChat, abinda bai wuce yuwan 200 ba babu caji, in ya haura suna cire kashi 3 cikin 100. Ka gwada katinka tun a gida, na dala yafi tabbas, katin naira yau yayi gobe yaƙi. Buɗe akawun a bankinsu irin Bank of China ko ICBC yafi sauƙi ga mai takardar zama, ɗalibi ko ma'aikaci, mai gajeriyar biza kuwa wani reshen zai ce a'a wani ya duba, zasu nemi fasfo da layinka da waccan farar takardar da nace ka adana.

Sai maganar canji, wacce kowa ya sani, ka tura naira a gida a baka yuwan a nan. Abinda ba'a gaya wa sabon zuwa shine in kuɗin da aka turo maka ya biyo ta hannun 'yan damfara ko caca, 'yan sandan wani lardi can daban zasu iya daskarar da akawun ɗinka ko na mai kayan da aka biya, kuma buɗe shi wahala ce ta watanni. Hanyar da doka ta sani itace banki. In kaga wanda farashinsa yafi na kowa daɗi sosai to ka ja baya, araha bata ado.

Na biyar gida. Mutanenmu da sauran 'yan Afirka ta yamma musulmi sun fi taruwa a Xiaobei, muna cewa Shawbe, wajen ginin Tianxiu da unguwar Dengfeng, nan zaka ji Hausa da Bambara da Faransanci da Larabci a titi ɗaya. Sanyuanli da titin Guangyuan Xi kuma 'yan uwanmu Ibo sun fi yawa. Da yawa yanzu sun koma Foshan da ke maƙwabtaka dan haya tafi sauƙi. Duk inda zaka kama, tambayar farko kafin ma ka tambayi kuɗi itace, za'a iya yiwa baƙo rajista a gidan nan? In mai gida ya fara kame kame ko yaƙi bada kwafin takardunsa ka tafi kawai ko gidan ya kai fada kyau. A nan al'adar itace kuɗin ajiya na wata 2 da hayar wata 1 a gaba, dillali kuma yawanci rabin hayar wata. Ka sa a fassara maka yarjejeniyar kafin ka sa hannu, ka ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa da duk wani tabo a bango ranar da ka shiga, dan ranar fita da su za'a ci maka kuɗin ajiya. Ka tambayi nawa ake sayar da wuta, a tsofaffin unguwannin nan masu gidaje a cushe, waɗanda zaka iya miƙa hannu ta taga ku gaisa da maƙwabci, masu gida kan ɗora nasu farashin sama da na gwamnati.

Kuma kar ka kama ƙasan bene. Mu da muka saba da busasshen zafi bamu san laima ba sai a nan, wajen watan Maris zuwa Afrilu akwai kwanakin da bango da tayil suke zufa kamar an watsa ruwa, shaddarka da takalmin fata suyi fumfuna a cikin kwaba, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Maganinsa ka rufe tagogi ka kunna esi a wajen busar da iska. Ruwan famfo ba'a sha sai an tafasa. Ka kuma rage hayaniya da dare, maƙwabci bazai zo ya maka magana ba, ƙara zai kai. Wanda yake nan a watan Afrilun 2020 lokacin korona ya san yadda aka fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidaje da otal har maganar ta kai ga gwamnatocin Afirka, abin ya wuce amma ya koya mana cewa mai cikakkun takardu da mai gida na kirki shi yake da bakin magana.

Na shida zirga zirga, wannan mai sauƙi ne. Jirgin ƙarƙashin ƙasa daga yuwan 2 yake farawa, layi na 5 shi yake bi ta Xiaobei, layi na 2 ta Sanyuanli, suna haɗuwa a babbar tashar jirgin ƙasa inda kasuwannin kaya irin Baima suke. A cikin Alipay zaka buɗe lambar shiga, kuma kowace tasha sai an saka jaka a na'ura. Tasi kuma Didi, yana cikin Alipay ɗin shima, ka saka inda zaka ba sai kunyi magana da direba ba. Jirgin ƙasa mai gudu ana yanka tikiti a manhajar 12306 ko Trip.com, fasfonka shine tikitin, daga tashar kudu zuwa Shenzhen wajen rabin awa ne. Abu ɗaya, ka kula da babura masu caji, basu da ƙara ko kaɗan kuma har kan hanyar masu ƙafa suke bi, sai dai kaji iska ta wuce ta gefen kunnenka.

Na bakwai ci da ibada. Ka haddace wannan rubutun kamar sunanka, 清真, ana karanta shi "cing-jen", shine halal. Zaka ganshi a shagunan taliyar Lanzhou masu koren allo, kusan kowace unguwa akwai, musulmi ne 'yan ƙabilar Hui da makamantansu, zaka ga maza da farar hula mata da ɗankwali, a gabanka za'a ja taliyar da hannu a zuba romon naman sa. Akwai kuma na mutanen Xinjiang masu tsire da gurasa, tsirensu da ɗan kama da namu sai dai ba ƙuli. A sauran gidajen abinci kar kace ai ganye kawai zan ci, da yawa da kitsen alade ake soyawa, kuma biredi ma wani akwai garin naman alade a kai kamar dambu. Rubutun alade shine 猪, in ka ganshi a jikin leda ajiye. Nama ka saya wajen mahautan musulmi a Xiaobei, shinkafa da doya da kuɓewa ɗanya da attaruhu duk akwai a kasuwar unguwa, in kuma kewar gida ta taso akwai matan da suke dafa abincinmu a cikin gidaje, tambaya zaka yi a nuna maka.

Masallatai sanannu guda huɗu ne a cikin gari, Huaisheng mai tsohuwar hasumiya wanda yana cikin mafi daɗewa a duk Chana, da Haopan, da Xiaodongying, da Xianxian kusa da lambun Yuexiu inda Juma'a tafi cika. A can ne akwai kabarin da mutanen nan suke cewa na Sa'adu bin Abi Waƙƙas ne, duk da mu abinda muka karanta a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, ni dai bana jayayya da kowa akai, nayi sallata in gaisa da jama'a. Juma'ar nan ita ce wajen haɗuwarmu, in kana neman ɗan garinku ko labarin gida ko ejan to tsaya a bakin ƙofa bayan sallama. Ba zaka ji kiran sallah a unguwa ba, waya ce ladaninka. Kar ka shimfiɗa darduma a titi ko cikin tasha, ka nemi lungu a shagon wanda kuka saba, kuma wa'azi ko raba littattafan addini ga 'yan ƙasa an hana baƙo. Banɗakinsu na waje yawanci na tsuguno ne irin namu amma ba buta ba ruwa a kusa, wani ko tishu babu, dan haka robar ruwa ɗaya bata rabuwa da jakata, buta kuwa ka saya a Xiaobei ranar farko.

Yare kuma ba sai ka iya da yawa ba kafin ka fara. Laoban shine mai gida ko oga, kowa ka kira haka zai ji daɗi. Duoshao qian, nawa ne. Tai gui le, yayi tsada. Ting bu dong, ban gane ba. Meiyou, babu, wannan zaka ji shi har ka gaji. Sauran ciniki kalkuleta ce, ya danna ka danna. Da hannu ɗaya suke ƙirga har 10, in ya ɗaga babban yatsa da ƙaramin kamar mai waya to 6 yake nufi. Kallo kuwa zaka sha, wani ya ɗauke ka hoto, wani ya matsa a jirgi, tsofaffi su tambayi ko zafin ƙasarku ne ya maida ka haka, yawanci rashin sani ne wani kuma rainin ne da gaske, amma duk yadda ranka ya ɓaci kar ka ɗaga hannu, kyamara tana ko'ina kuma wanda ya fara duka shi zai biya. In rashin lafiya ce asibitin gwamnati zaka da fasfo, ka yanki kati ka biya kafin kowane gwaji. Lambar 'yan sanda 110, motar asibiti 120, gobara 119, tambayar biza kuma 12367.

Na takwas ranar ƙarewar biza, kuma a nan mutane suke ruɗewa. A jikin bizar akwai ranar da dole ka shigo kafinta, akwai kuma adadin kwanakin da zaka zauna a kowace shigowa, to kwanakin nan su zaka ƙirga daga hatimin da aka buga maka, ba waccan ranar ba. Wanda ya zarce tarar yuwan 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya korarsa a hana shi dawowa na shekaru. In kana neman ƙari kaje ofishin shige da fice aƙalla kwana 7 kafin ta ƙare, da farar takardarka da wasiƙar kamfanin da ya gayyace ka, kuma ba dole su bayar ba dan haka tikitin fita ya zama a shirye. Bizar M ta kasuwanci ce, ka sayi kaya ka duba masana'anta, bata baka damar kama aikin albashi ba. Ɗalibi mai bizar X1 da ma'aikaci mai bizar Z kwana 30 suke dashi su maida ita takardar zama bayan gwajin lafiya. In fasfo ya ɓata ka fara kai rahoto wajen 'yan sanda, Najeriya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a nan Gwanzu, babban yana Beijing.

Sai ka san kalandarsu. Baje kolin Canton sau biyu ne a shekara a Pazhou, Afrilu zuwa farkon Mayu da Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin kuɗin otal yana tashi sosai, kar ka zaɓi lokacin dan neman masauki mai araha. Satin farko na Oktoba hutu ne na ƙasa. Babban kuwa shine sabuwar shekararsu tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu suna rufewa makonni, ma'aikata duk su tafi garuruwansu, har mai taliyar unguwarku zaka tarar da kwado a ƙofa, dan haka ka cika firij da buhun shinkafa tun kafin. A 'yan shekarun nan azumi kusa da bikin nasu yake faɗowa, kuma kwantena tana haura wata guda a ruwa kafin a zo maganar fitarwa a Legas da ɗaukowa zuwa arewa, to mai son kayan sallah su riski Kantin Kwari akan lokaci tun wajen Nuwamba ya kamata ya bada oda ya biya kafin alƙalami.